Laifi da Alhaki a Ƙauyukan Arewacin Kano: Abin da Littattafai Suka Gani da Abin da Suka Tsallake

Ran 15 ga watan Mayu, 2024, da asuba, a wani ƙauye na Larabar Abasawa cikin ƙasar Gezawa, wani mutum ya watsa fetur a masallacin unguwarsu ya cinna wuta, alhali kuwa jama'a suna ciki suna salla. Waɗanda ke sahu ba baƙi ba ne gare shi. Maƙwabtansa ne, a cikinsu har da danginsa. Fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu a asibiti cikin kwanakin da suka biyo baya. 'Yan sanda sun ce ya shaida musu da bakinsa rikicin rabon gado ne ya kai shi ga haka. A watan Mayu na 2025 wata babbar kotun Shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa mutumin hukuncin kisa.

Wanda duk ya san ƙauyen Hausa ta hanyar littattafan makaranta kaɗai, wannan labari zai zo masa bagatatan. Gama littattafan ƙagaggun labarai na Hausa, tun daga na farko, sun saba su ajiye mugun abu a wuri biyu: ko a daji, ko a birni. Ƙauye kuwa wurin da a ke barowa ne a lalace, a kuma koma masa a shiryu. To, ga shi ƙasar da wannan abu ya auku ba ta da daji, mai laifin kuma ba daga birni ya zo ba. Wannan saɓani tsakanin littafi da ƙasa shi ne abin dubawa a nan, domin malamin da ke koyar da waɗannan littattafai a kwalejin horon malamai yakan tarar rabin ajinsa 'ya'yan irin waɗannan ƙauyuka ne, sun kuwa san abin da littafin ya yi shiru a kansa.

Sai a fara da ƙasar kanta. Mai tafiya daga birnin Kano ya nufi Ungogo, ko Minjibir, ko Gezawa, ko Dawakin Tofa, ba ya ratsa wani jeji. Gona ce ke bin gona, gida na hangen gida, ga ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya a tsaitsaye cikin gonaki, kowace kuwa da mai ita. A 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga binciken M. J. Mortimore da J. Wilson a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a da ke kewaye da birnin. Tun a lokacin mutanensa sun haura miliyan 2, fiye da mutum 300 a kowane murabba'in mil, a ƙauyukan da aka auna kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasa ana nomanta kowace damina ba hutu. Abin da ke riƙe da ita taki ne, na dabbobin gida da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni a mangala. A irin wannan wuri ba inda mutum zai sari sabuwar gona. Duk taƙin da zai samu sai dai ta gado, ko saye, ko jingina, ko aro. In uba ya rasu aka raba gonarsa bisa ƙa'idar Malikiyya, 'ya'ya su samu 'yan ɓangarori, jikoki su samu abin da bai kai a juya garma ba. Iyaka kuma ba katanga ba ce, layin gamba ne ko lalle, wanda fartanya ke iya matsar da shi taki ɗaya a shekara ba wanda ya lura sai mai shi.

Abu biyu ke fitowa daga wannan zama. Na ɗaya, ido ya yi yawa: ɓarawon akuya ba shi da inda zai ɓoye ta, baƙo kuma ba ya shiga unguwa mai unguwa bai ji ba. Na biyu, wanda ya cuce ka ba ya tafiya ko'ina. Kullum za ka gan shi a bakin rijiya, ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a masallaci sau biyar a yini, watakila ma uwa ɗaya ko uba ɗaya kuke.

Kafin a shiga littattafai ya kamata a tsaya a kan kalmomi, don Hausa ba ta tara wannan al'amari a kalma guda ba. Laifi shi ne abin da a ke kama mutum da shi a gaban mai iko, uba ne, ko dagaci, ko alƙali. Yana da shaidu, yana da horo, in an yi horon kuma ya wuce. Zunubi tsakanin bawa da Ubangijinsa ya ke, maganinsa tuba. Kunya kuwa ta ido ce: abin da mutum ya yi a ɓoye bai zama abin kunya ba sai ya fito. A. H. M. Kirk-Greene, cikin laccarsa a kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, ya kuwa yi daidai. Amma akwai ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi a bakin mutanen karkara, watau alhaki. Asalinta Larabci ne, daga kalmar haƙƙi. Malamai sun raba haƙƙi biyu, na Allah da na bawa, suka ce na Allah yana yafewa ga wanda ya tuba, na bawa kuwa sai mai shi ya yafe. Saboda haka alhaki ba ji ba ne a zuciyar mai laifi. Kaya ne. Ana ɗaukarsa, yana hawa kan mutum, yana bibiya, yana kama mai shi, ko ya damu ko bai damu ba, ko an gani ko ba a gani ba. Shi ya sa mai tafiya hajji ke bin gida gida yana neman gafara, shi ya sa a ke tambayar masu bin mamaci bashi tun kafin a raba gado, shi ya sa kuma raunanan mutum da aka fi ƙarfinsa, in ya ɗaga ido ya ce Allah ya isa, mai ƙarfin kan ji jikinsa ya yi sanyi. Waƙoƙin wa'azi na masu jihadi, irin su Tabbat Haƙiƙa wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci Nana Asma'u ta mayar Hausa, sun cika da gargaɗi ga mai mulki da alƙali da ɗan kasuwa a kan cin haƙƙin mutane, ƙarni biyu ke nan kuwa ana rera su.

Masanan Turai, tun daga littafin Ruth Benedict na 1946 a kan Japan, sun so su kasa al'ummomi gida biyu, waɗanda kunya ke tsarewa da waɗanda ciwon zuciya ke tsarewa. Wannan kashi ba ya ɗaukar Hausa. Alhaki ba ya bukatar ido kamar kunya, ba ya kuma bukatar nadama. Dostoyebski, a labarinsa na 1866 a kan ɗalibin da ya kashe tsohuwa mai ba da rance, ya shiga cikin kan mai kisan ya zauna, har mai karatu ya ji zazzaɓinsa. Marubucin Hausa ba safai ya kan yi haka ba, waɗansu masu nazari kuma sun ɗauki wannan kasawa ce. Ba lalle ba ne. Wanda ya gaskata alhaki na tafiya da ƙafarsa, ba zuciyar mai laifi zai zuba wa ido ba, hanyar da alhakin zai bi ya iso shi zai bi da kallo.

Ba littafin da ya nuna wannan kamar Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin biyar ɗin farko da suka fito bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Abubakar da Zainab suna son juna. Malam Shaihu, attajiri marar ɗa, ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya bar gari ya shiga dazuzzuka neman asirin ramuwa, ya sha wuya, ya samo, asirin kuwa ba a kan Shaihu ya faɗa ba, a kan ɗan da Zainab ta haifa masa ne, Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin ubansa, ya shiga duniya, ya haɗu da manyan ɓarayi, daga ƙarshe ya kashe uban nasa da hannunsa garin sata, bai san shi ba ne. Mai karatun da ya san wasannin Yunanawa zai tuna da Odifus, wanda shi ma ya kashe ubansa cikin rashin sani. Amma tambayar da ta fi amfani a aji ita ce: a cikin mutanen nan wa ke da laifi, wa kuma ke da alhaki? In alƙali aka kai wa, Malam Shaihu ba shi da laifin kome. Ya nemi aure, an ba shi, ya biya sadaki. Kyauta ne mai laifi, shi ya yi sata, shi ya zub da jini. Amma littafin bai bi ta wurin alƙali ba. Shaihu ya ɗauki alhakin Abubakar, ya biya da ransa. Abubakar ya ɗauki alhakin yaron da bai yi masa kome ba, bai kuwa ci ribar ramuwarsa ba. Kyauta, mai laifin da ido ya gani, shi ne kaɗai aka bari da sauran rayuwa. Littafin ƙarami ne, an kuwa daɗe ana ba yara shi kamar labarin nishaɗi, alhali ba a rubuta wani abu da ya fi shi duhu da Hausa ba sai bayan shekaru kusan 50.

Sai dai a lura da inda duhun ya ke zaune. Asiri daga daji aka ɗauko shi. Sata kuwa a manyan garuruwa ta balaga. Wannan tsari ya daɗe. A tatsuniya Dodo da kura a bayan gari su ke. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, akwai hassada da ƙage a fada, amma babban bala'in, watau satar yaro da cinikin bayi, kan hanya ya ke, ya bi ta Kano ya haye Hamada. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ke jan samari daga gona, shi ya fi fitowa fili: saurayi ya bar ƙauye ya shiga birni, ya faɗa hannun miyagu, ya zama abin tsoro, tsirarsa kuwa tana ga komawa inda ya fito. Sunan littafin ma ya gama hukunci, birni kitse ne a ido, rogo a baki. Ko Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, wanda ya fi kowanne zub da jini, ta'asar da ke cikinsa ta biyo tsohon soja ne daga yaƙin basasa, da makamai da ƙwayoyi da 'yan daba. Ba a ce waɗannan marubuta sun yi ƙarya ba. Ci-rani gaskiya ne, sane da fashi da ɓarawon zaune a birni gaskiya ne. Abin da a ke cewa shi ne, sun wanke ƙauye tas, takardun tarihi kuwa ba su wanke shi ba.

Fanisau, a ƙasar Ungogo, 'yar tafiya ce daga ganuwar birni. Ribaɗi ce ta zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, daga baya ta zama wurin gandayen sarauta da na attajirai, waɗanda bayi ke nomawa. Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kanta a 2011. Watau bawan da Shaihu Umar ya raka har bakin Bahar Rum, ɗan'uwansa yana nan kusa, yana huɗa a gonar da a ke hange daga Dala, ba kuwa wani ƙagaggen labari sananne da ya tsaya a kansa.

Sa'an nan ga littafin shari'un majalisar Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919. Alan Christelow ya zaɓi waɗansu daga shari'un 1913 da 1914 ya fassara daga Larabci, aka buga a 1994. Shekaru ne masu nauyi: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, ruwa ya ƙi a 1913, yunwa mai tsanani ta biyo baya. Abin da talakawan karkara ke kawowa gaban sarki a lokacin shi ne satar tufafi da dabbobi, jayayya a kan gona da gida, kisan kai, da 'yancin bayi. Inda shaidu suka gaza, rantsuwa ke raba gardama, wannan kuwa yana nuna alƙalan kansu sun dogara ga tsoron alhaki ya yi musu aikin da bincike ba zai iya ba. Mutum ya ɗora hannu ya rantse, a sallame shi. In ƙarya ya yi, ba shari'ar majalisa ce za ta kama shi ba.

Abin da ya fi kusa da maganar gado shi ne wanda Steven Pierce ya bi diddiginsa, shi kuwa a garin Ungogo ya zauna ya yi bincikensa, littafinsa ya fito a 2005. A 1923 Sarki Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki a ƙasar Kano. Sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya mayar musu da haƙƙinsu. Shekara 31 ke nan ana raba gonaki ba da 'ya'ya mata ba, abin da Alƙur'ani ya ba su a fili. A ma'aunin laifi, ɗan'uwan da ya riƙe rabon ƙanwarsa a 1940 bai karya dokar kowa ba, umurnin sarki ya bi. A ma'aunin alhaki kuwa magana ta sha bamban, kuma gonakin nan ba su tashi sun tafi ba, suna hannun jikoki. Ko bayan 1954 ma, sanannen abu ne a karkara mace ta bar rabonta a hannun 'yan'uwanta maza, wani lokaci don tana so, wani lokaci don kunya ta hana ta tambaya. A nan a ke ganin kunya da alhaki ba kullum su ke tafiya tare ba. Sau da yawa kunyar wanda aka cuta ita ce ke ba macuci damar ci gaba da ɗaukar alhaki cikin kwanciyar hankali.

Polly Hill, wadda ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970 ta buga littafinta a 1977, ta ga ɗaya fuskar. Ɗorayi kudu maso yamma da birni ta ke, yau ma birnin ya haɗiye ta, amma zamanta a lokacin irin na arewacin ne. Ta tarar da manyan gidaje, waɗansu da mutum fiye da 100, masu gonaki da taki da hatsin ajiya, kusa da su kuma ga magidanta da gonarsu ba ta ciyar da su, waɗanda kan sayar da ɗan abin da ya rage su yi ƙwadago a gonar wani, ko su ɓace daga garin. Gandu, watau uba da 'ya'yansa masu aure su yi noma tare su ci daga rumbu ɗaya, ya fi tsayawa a gidan mai hali. A gidan matalauci ba abin da zai riƙe ɗa. Saurayin Kitsen Rogo ke nan, amma ta ƙofar baya. Littafi ya ce kwaɗayi ya fitar da shi. Awon gona ya ce sau da yawa ba a bar masa wurin tsayawa ba ne.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce adabin Hausa bai taɓa leƙa cikin gida ba. Ya leƙa, sai dai ba ta bakin maza masu buga littafi ba. Tatsuniyoyin da tsofaffin mata ke yi wa yara da dare, waɗanda Frank Edgar ya tara waɗansunsu tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tara waɗansu don makarantu, cike su ke da kishiyar uwa mai azabtar da marainiya, da 'yar mowa da 'yar bora, da uban da ya gani ya kau da kai. A cikinsu mugu ba baƙo ba ne, shi ke rabon tuwo. Abin lura kuma, yarinyar da aka kora zuwa rafi ko kurmi takan sami tausayi a can wurin Dodo ko tsohuwar daji, tausayin da ta rasa a tsakar gida. Mata sun juya taswirar maza: gida ne wurin tsoro, daji wurin sakayya.

Wannan jijiya ce ta ɓullo a rubuce sa'ad da mata suka kama alƙalami a Kano daga tsakiyar shekarun 1980. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ba ɓarawo a cikinsa, ba ɗan fashi. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, wanda ya ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yanta, ya auro wata, ya kore su. Ba kotun da za ta ɗaure shi. Sai gobara da karayar arziki suka yi aikin da alƙali bai yi ba, daidai yadda aka yi wa Malam Shaihu. Amma marubuciyar ta ƙara abin da Jiki Magayi bai yi ba: bayan alhaki ya kama mai shi, Rabi ce dangi suka matsa wa ta koma ta ɗauki nauyinsa, ita da ta riga ta tsaya da ƙafarta. Watau ko sakayyar ma a kan wadda aka cuta ta sauka. Da Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012, kalmar da ke daidai da zunubi aka sa a madadin alhaki, don Turanci ba shi da tata. Ɗalibin da ya karanta fassarar kaɗai zai zaci tsakanin Abdu da Allah ne maganar ta ke, alhali tsakaninsa da Rabi ne. Littafin a birni aka kafa shi, gaskiya ne, haka ma yawancin littattafan da a ke kira adabin kasuwar Kano. Amma gidan da ya buɗe, irinsa ne a Minjibir da Gabasawa.

Shari'ar da aka yi a Babbar Kotun Jiha da ke zama a Gezawa daga 2014 ta nuna iyakar kalmar laifi fiye da kowane littafi. Yarinya ce 'yar shekara 14 daga wani ƙauye, aka tuhume ta da sa shinkafar ɓera a abinci kwanaki kaɗan bayan an ɗaura mata aure da mutumin da ya ninka ta a shekaru, mijin da waɗansu mutum 3 suka mutu. Masu gabatar da ƙara sun nemi hukuncin kisa, masu kare ta suka ce yarinya ce, auren kuma ba da sonta ba ne, a 2015 gwamnati ta janye ƙarar. Rayuka huɗu sun salwanta, suna da masu kuka, ba kuwa mai cewa ba a yi laifi ba. Amma duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa ya san akwai tambaya ta biyu wadda takardar tuhuma ba ta da gurbinta, ita ce alhakin yarinyar a wuyan wa ya ke. Kotu ba ta da hurumin amsa wannan. Labari ne ke da shi, marubuta mata kuwa sun daɗe suna amsawa a kan auren dole, ko da ya ke hukuma ta fi ganin littattafansu a matsayin masu ɓata tarbiyya, har aka ƙone waɗansu a bainar jama'a a Kano a 2007.

A gefe guda akwai waɗanda suka dubi ɓarawo ta cikinsa, su ne makaɗa. Muhammadu Gambo na Fagada, a ƙasar Kabi, ya yi suna da waƙar ɓarayi, yana zuga su kamar yadda makaɗin fada ke zuga sarki, daga baya ya ce ya tuba ya bari. Manoman da ke jin kaset ɗinsa suna dariya su ne waɗanda in an kama ɓarawon tunkiya a kasuwar ƙauye ba ya kai wa hannun 'yan sanda da sauran lafiya. Ba a rasa dalili ba: ɓarawon waƙa na nesa ne, yana sata a wani gari, ana iya sha'awar ƙarfin halinsa. Wannan ma wata hanya ce ta tura duhu waje.

Game da abin da ya faru a Larabar Abasawa, ba wanda zai ce ƙarancin gona ko rikicin gado ya wanke mai shi. Dubban gidaje a ƙasar Kano suna da irin wannan rikici, suna kai shi gaban dagaci ko alƙali, ko su haɗiye, ba su ƙone kowa ba. Alhakin waɗanda suka mutu a sahu yana wuyansa, babu ja. Abin da ya shafi masu nazarin adabi shi ne, mutumin da ya yarda an ci haƙƙinsa yana da hanya biyu a al'adance, ko ya kai ƙara, ko ya bar wa Allah ya jira alhaki ya yi aikinsa. Dukan labaran da aka ambata a sama a kan hanya ta biyu aka gina su, suna koya wa mai karatu cewa jiran ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abubakar na Jiki Magayi ne kaɗai ya ƙi jira, ya mai da kansa hannun sakayya, abin kuwa ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Shekara 90 bayan fitowarsa, shi ne littafin da ya fi kusa da wannan asuba, ko da ya ke marubutansa sai da suka aika da mutumin nasu daji kafin su yarda ya aikata.

A ƙarshen 2025 'yan bindiga daga wajen iyakar Katsina suka riƙa shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, a arewa maso yammacin jihar, suna kora shanu suna ɗaukar mutane. Wannan karon mugu daga daji ya fito da gaske, a kan babur, kamar yadda tsohon tsarin labari ya saba faɗa, ba shakka kuma marubuta za su same shi da sauƙin rubutawa. Shari'un gado da na iyakar gona kuwa suna nan a rubuce a kotunan Gezawa da Minjibir da Bichi da Dambatta, shekara bisa shekara, da sunayen gonaki da na itatuwan da ke cikinsu.